Day Sailer na O'Day: tsohon jirgin iska da ya cancanci saye, muddin cikinsa a bushe yake

Duk wanda ya zagaya wuraren ajiye ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ko a bakin tafkunan arewa ne ko a gaɓar tekun Massachusetts, ba zai rasa ganin Day Sailer ɗaya ko biyu a kan tirela ba. Wasu na sheƙi, wasu kuma ganye ya cika su tun bara. Jirgi ne na yini guda: a fita da safe, iska ta kai mutum inda za ta kai shi, a dawo kafin magariba. An ƙera fiye da 10,000, kuma da yawansu suna nan da ransu bayan shekara hamsin ko sittin. Hukuncinmu a kansa shi ne, ga mai son koyon tuƙi da iska tare da iyalinsa ba tare da ya zuba dukiya mai yawa ba, da wuya a samu wanda ya fi shi. Amma akwai sharaɗi. Jirage biyu masu kama ɗaya, shekara ɗaya, fenti ɗaya, sai ka tarar ɗaya na tashi a kan ruwa ɗaya kuma na jan ciki, kuma abin da ya raba su ba a ganinsa da ido daga waje.

Mutum biyu ne suka haɗa hannu wajen fitar da shi a ƙarshen shekarun 1950. Uffa Fox, Baturen Ingila daga garin Cowes, shi ya zana gangar jikin. Sunansa ya fito tun 1928, lokacin da ƙaramin jirginsa Avenger ya shiga tsere 57 ya zo na ɗaya a 52, domin ya gano yadda za a tsara cikin jirgi ya hau saman ruwa maimakon ya riƙa kutsawa cikinsa. George O'Day kuwa Ba'amurke ne, ɗan kasuwa kuma gwanin tuƙi, wanda ya ci lambar zinare a wasannin Olamfik na 1960. Shi ya so jirgin ya zama na iyali, da wurin zama mai faɗi da 'yar rumfa a goshi inda za a sa kaya ko yaro ya fake wa feshin ruwa. Wannan haɗi shi ne halin jirgin har yau: ƙasansa na ɗan tsere ne, samansa na fita shan iska. A 2003 aka sa shi cikin jerin girmamawa na jiragen iska na Amurka.

Tsawonsa ƙafa 16 da inci 9, wato mita 5.1, faɗinsa kuma kusan mita 1.9. Nauyinsa a takarda laba 575, kimanin kilo 260. Filafilansa biyu, wato yadudukan da iska ke bugawa ta tura jirgi, babba da na goshi, sun kai ƙafa 145 murabba'i idan aka haɗa. Ba shi da nauyin dalma a ƙasa, irin wanda ke hana wasu jirage kifewa. Abin da ke hana iska tura shi gefe shi ne allon ciki, wani dogon allo da ke saukowa ta tsakiyar jirgin daga gidansa. Idan an sauke allon gaba ɗaya, jirgin na bukatar zurfin mita 1.1, idan an ɗage shi, ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi, har a iya kai goshinsa kan yashi a sauka. Yawancin ƙananan motoci suna jansa.

A kan ruwa, abu na farko da mutum zai lura shi ne ba ya rawa idan an taka gefensa, saboda faɗin nan. Manya huɗu suna zama a sake, kuma a ciki suke zaune, ba a kan gefe ba, abin da ke kwantar wa sabon shiga hankali. A ƙa'ida, jirgin da tsawonsa a ruwa ya kai ƙafa 16 ba ya wuce gudun kilomita 10 a awa, domin igiyar ruwan da shi kansa ya tayar ce ke riƙe shi. Day Sailer mara nauyi yana karya wannan ƙa'ida. Idan iska ta yi ƙarfi tana zuwa daga gefe ko ɗan baya, mutum biyu suka matsa baya, aka ɗage allo rabi, sai goshi ya ɗaga, ƙarar ruwa ta sauya, jirgin ya hau saman igiyarsa ya zura. Wannan shi ne abin da Fox ya sa a cikinsa, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa idan jirgin ya sha ruwa.

Kafin a je dubawa, ya kamata a san wane iri ake sayarwa. Na farko, wanda ake kira Day Sailer I, buɗaɗɗe ne. Kana taka ƙasan jirgin kai tsaye, ko katakon da aka shimfiɗa a kai, rumfar goshi ba ta da ƙofa, allon ciki kuma da hannun tagulla ake sarrafa shi a gefen gidansa. Tsofaffin cikinsu suna da katako mai kyau a gefen wurin zama, wanda ke son banish lokaci lokaci. A 1971 kamfanin ya fito da Day Sailer II, mai rufi biyu: an ɗora wani kwano na ciki a kan gangar jikin, ƙasan wurin zama ya ɗaga sama, ruwan da ya shigo yana fita ta wata kafa a baya, allo kuma da waya da igiya ake ɗaga shi a sauke. Day Sailer III na shekarun 1980 an sauya masa siffar gefe, don haka ƙungiyar masu wannan jirgi ba ta karɓarsa a tserenta. Wanda ba ruwansa da tsere ba abin da zai dame shi. Kamfanin O'Day ya rufe a 1989, wasu kamfanoni suka ci gaba da ƙera jirgin a kan tsarin na farko, daga baya aikin ya koma hannun Cape Cod Shipbuilding da ke Wareham a Massachusetts.

Mu dai na farkon muka fi so. Komai nasa a fili yake, hannu na kai wa ko'ina, zaman ciki ya fi zurfi, kuma yawancin 'yan tsere shi suke nema. Na biyun ya fi sauƙi ga wanda zai bar jirginsa a ruwa, kuma ya fi sauƙin tayarwa idan ya kife, amma yana da sarari tsakanin rufinsa biyu da ido ba ya gani, kuma a nan gizo ke saƙa.

Domin kada jirgin ya nutse idan ruwa ya cika shi, an cusa soso mai hana nutsewa a cikin goshi da ƙarƙashin kujeru. Soson wancan zamani yana shan ruwa a hankali, shekara bayan shekara, ta ƙananan tsaga da ramukan sukuru, kuma idan ya sha ba ya saki ko da an bar jirgin a rana wata shida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da ya ɓoye lita 60 ya ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kamar a ce akwai wani mutum kwance a ciki da ba ya sauka. Illar biyu ce. Jirgin ba zai ƙara hawa saman ruwa ba, sannan ranar da ya kife, abin da aka dogara da shi ya riƙe shi a sama ya riga ya cika da ruwa. Ta biyun ita ce mai hatsari, kuma mai sayarwa sau da yawa shi ma bai san da ita ba.

Hanyar ganowa ba ta da wuya. A ɗaga hancin tirela sama yadda baya zai sunkuya, a cire toshiyar da ke ƙasan bangon baya, a jira. Ɗigo kaɗan ba komai ba ne. Idan ruwa ya yi ta kwarara minti biyar, a tambayi ta inda ya shiga. Sai a girgiza jirgin a kasa kunne ko za a ji motsin ruwa a ciki. Idan akwai murfin dubawa a kujeru ko a bangon goshi, a buɗe, a tura hannu, a tsinko ɗan soso a matse. Wanda ya fi duka tabbas shi ne awo: a kai jirgi da tirela kan sikelin manyan motoci, a sauke jirgin a ruwa, a dawo a auna tirela ita kaɗai, a ɗebe. Abin da ya haura kilo 300 ba tare da inji da kaya ba yana bukatar bayani.

Jiƙaƙƙen soso ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne. Gyaransa aikin kwana biyu ne ga mai haƙuri. Ana yanka rami mai faɗin inci 6 a bangon goshi da gefen kowace kujera, a ciro tsohon soso gutsure gutsure, a bar wurin ya bushe sarai, sannan a cika shi da abin da ba ya shan ruwa. Da yawa suna amfani da gorunan roba na lemo, a rufe bakinsu gam, ko dogayen sosunan da yara ke iyo da su. Gora mai lita 2 tana ɗaukar nauyin kusan kilo 2 a ruwa, don haka lissafin yawan da ake bukata a bayyane yake. A ƙarshe a sa murfi mai zare da robar toshiya a kowane rami, a riƙa buɗe su idan jirgi na ajiye don iska ta shiga.

A Day Sailer II akwai wata kafa ta musamman da ruwa ke bi. Wayar da ke ɗaga allo tana fitowa ta wani rami a gaban gidan allo, ta ratsa ta tsakanin rufin waje da na ciki. Idan jirgi na gudu, ko an yi masa lodi, ruwa na tasowa cikin gidan allo ya tsiyaya ta wannan rami zuwa cikin sararin da ba a gani. Matuƙi zai ji jirgi na ƙara nauyi, yana jinkirin miƙewa bayan ya karkata, alhali wurin zama a bushe yake. Ruwan da ke yawo a ciki yana gangarawa ɓangaren da jirgi ya karkata ya ƙara danna shi. Maganin da aka saba yi shi ne a sa ɗan gajeren bututu ya haɗe ramin waje da na ciki, a liƙe kewayensa, waya ta bi ta cikinsa. Ka tambayi mai jirgin ko an yi wannan aiki. Idan bai gane abin da kake nufi ba, ba a yi ba.

Shi kansa allon sai an shiga ƙarƙashin tirela da tocila. A Day Sailer I, hannun tagulla yana da kai mai kusurwa huɗu da ke shiga rami mai kusurwa huɗu a jikin allo. Da tsufa ramin yana cinyewa, sai allo ya ƙi sauka har ƙasa, ko ya ƙi hawa duka ya riƙa leƙowa yana kama tirela wajen saukewa. Ana cike ramin da efoksi a sake fitar da kusurwoyinsa. Akwai kuma robar toshiya a bayan farantin da ke riƙe hannun. Idan ta bushe tana ɗigo, kuma ƙara ɗaure sukuru ba ya tsayar da ɗigon, sai dai ya sa hannu ya yi tauri. A sauya ta kawai, kuɗinta kaɗan ne. A na biyu kuwa, matsalar ita ce waya ta yi sako-sako ta faɗa tsakanin allo da bangon gidansa ta maƙale. Dalilin ke nan da ake riƙe igiyar saukewa da ta ɗagawa duka a ɗame a kowane lokaci. Allon da ya kumbura ko ya tsage a gefe alama ce ruwa ya shige shi.

Gangar jikin faiba ce mai kauri irin ta da, ba ta cika ba da wahala ba. Ƙananan tsaga masu kama da saƙar gizo a fatar waje ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne ƙasan jirgi ta baya, inda ya yi faɗi: a danna da tafin hannu, idan yana lotsawa yana dawowa to ya yi laushi, kuma jirgi mai laushin ciki ba ya gudu. A duba wuraren da ya zauna a kan tirela ko sun lotsa, musamman idan ƙananan tayoyin roba ne ke ɗauke da shi maimakon dogayen katakai masu shimfiɗa. A ƙwanƙwasa saman rumfa da bangon baya da gindin sukurdireba. Sauti mai kaifi lafiya ne, sauti mai dushi na nufin katakon da ke ciki ya ruɓe. A girgiza ƙarafan da allon tuƙi, wanda ke juya jirgi daga baya, ke rataye a kansu. Idan suna motsi, ta nan ma ruwa na shiga.

Jigo, wato doguwar sandar tsaye da ke ɗauke da filafilai, na alminiyam ne, tsawonsa ya haura mita 7, wayoyi uku ne ke riƙe da shi: ɗaya a goshi, biyu a gefe. Jiragen O'Day da yawa sun fito da waya mai kaurin 3/32 na inci, masu jirgin kuma sun daɗe da komawa 1/8. Shawararmu ita ce, duk wayar da ba a san shekarunta ba a sauya ta kafin fita ta farko, ko da tana sheƙi. Ƙarfe mara tsatsa yana ruɓewa ne daga ciki, a daidai inda waya ta shiga bakin ƙarfen da aka matse ta, kuma ba ya ba da sanarwa. A bi wayar da tsumma, kada a bi da yatsa. Idan tsumma ya kama, sili ya tsinke. Layin tsatsa ko 'yar tsaga a bakin ƙarfen ya isa hujja. Waya ɗaya ta gefe ta tsinke, jigo ya tafi ruwa, wani lokaci da ɓarin rumfa. A duba kuma inda wayoyin ke kama jikin jirgi, da hannaye biyu da ke tokare su a tsakiyar jigo, domin ribit ɗinsu na sassautawa inda alminiyam ya yi farin gari. Ana samun waɗannan kayayyaki har yau a wajen D&R Marine a Massachusetts, wadda ta shahara da kayan gyaran jiragen O'Day, kuma samuwar kayan gyara na cikin abin da ya sa wannan jirgi ya fi takwarorinsa da kamfanoninsu suka mutu da su.

Jigon iri biyu ne. Akwai ɗan gaba ɗaya, wanda sai an ɗaga shi tsaye a zura ta ramin saman rumfa har ya zauna a gindinsa; wannan aikin mutum biyu ne, kuma idan ana iska yana iya kuɓucewa ya fasa bakin ramin. Akwai kuma wanda aka yanka aka sa masa hinji a saman rumfa. 'Yan tsere sun fi son na farko domin yana lanƙwasa bai ɗaya. Wanda zai riƙa jan jirginsa da mota kowane mako ya nemi mai hinji, domin wahalar tayar da jigo ita ce ke sa mutane daina fita. Da mai hinji, sai a ɗaura wayoyin gefe biyu tun jigo na kwance, a sa fil ɗin baya na hinji, a tsaya cikin jirgi a tura jigo sama ana takawa gaba, wani ya ja wayar goshi ya maƙala, sannan a sa fil na biyu. Kafin duk wannan a ɗaga kai a duba wayar lantarki, a wurin da kuma duk hanyar da za a bi zuwa bakin ruwa. Alminiyam na ɗaukar wuta, kuma an yi asarar rayuka ta haka.

Filafili kan ruɗi mai saye domin farinsa ba ya nuna ƙarfinsa. Sabon yadi yana da tauri, yana ƙara idan an murza shi. Wanda ya gaji laushi gare shi. A kankari ɗinki da farce, idan zare ya tsinke rana ta cinye shi. Tsohon filafili yana yin tumbi, tumbin kuma ya koma baya, sai ya riƙa kwantar da jirgi maimakon ya tura shi gaba, sandar tuƙi ta yi nauyi a hannu, jirgi ya riƙa neman juya goshinsa cikin iska. Mutane da yawa da ke cewa Day Sailer na da saurin karkata, filafilinsu ne ya mutu. Sababbi guda biyu na iya kai kuɗin da aka sayi tsohon jirgin gaba ɗaya, don haka jirgi mai sababbin filafilai da mummunan fenti ya fi mai sheƙi da tsofaffi. Ko sabo ko tsoho, a kai babban wajen mai ɗinkin filafili ya sa masa layin ragewa, inda ake ɗaurewa a rage girmansa idan iska ta yi yawa, kamar mita ɗaya daga ƙasa, idan ba shi da shi.

Tirela ita ce rabin cinikin da ake mantawa. A ɗaga kowace taya da jak a juya ta. Gurnani ko girgiza na nufin boris ya tafi. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma wadda ta haura shekara shida a sauya ta ko da zanenta bai cinye ba. Bayan tafiyar kilomita 15 a tsaya a taɓa cibiyar taya: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa matsala ne. Idan an iso bakin ruwa a bar ta ta huce kafin a tsoma, domin cibiya mai zafi idan ta shiga ruwan sanyi tana zuƙo ruwa cikin giris.

Game da takardu, jiragen da aka ƙera daga ƙarshen 1972 suna da lamba mai harafi da adadi 12 a bangon baya, ta O'Day tana farawa da XDY, kuma dole ta yi daidai da ta takarda. Dokar rajista ta bambanta daga jiha zuwa jiha, amma da zarar an rataya inji kusan ko'ina sai an yi rajista, tirela ma da nata takardun. Tirelar da ba ta da takarda na iya jawo zirga-zirgar da ta fi ƙimarta. Farashin tsofaffi yana kamawa daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubbai kaɗan, kuma ƙarshen kaka, lokacin da mutane ke neman wurin ajiya kafin dusar ƙanƙara, ya fi bazara sauƙi. Mafi arha ba shi ne mafi sauƙi ba idan aka lissafa wayoyi, filafilai, tayoyi da boris.

Inji ba dole ba ne, filafilin tuƙi na hannu guda biyu na fitar da mutum daga yawancin matsaloli. Wanda yake so, mai ƙarfin doki 2 zuwa 3 ya isa. Babba yana danna baya cikin ruwa ya kashe gudun jirgi.

Saura abin da ya fi muhimmanci, wanda faɗin jirgin ke sa a manta. Day Sailer yana kifewa. Nauyin mutanen da ke ciki shi ne babban abin da ke riƙe shi a miƙe. Iskar da ta fi masa daɗi ita ce ta kilomita 10 zuwa 20 a awa. Da zarar farin kumfa ya fara yawa a kan igiyoyin ruwa, lokacin rage filafili ya yi, kuma a bakin gaɓa ake yin sa cikin natsuwa, ba a tsakiyar tafki ba. Kifewar da aka fi gani tafarkinta ɗaya ne: matuƙi ya maƙale igiyar babban filafili a mariƙinta don hannunsa ya huta, iska ta bugo, jirgi ya kwanta, ya kasa fizge igiyar domin kusurwar ta sauya, ruwa ya zubo ta gefe. Igiyar nan a hannu take zama duk lokacin da iska ke bugowa tana saki. Ana ganin bugun tun kafin ya iso, wani duhu ne ke gudana a kan ruwa. A sassauta igiya, a ɗan juya goshi wajen iska, jama'a su matsa gefen sama. Igiyar filafilin goshi ma a ba wani ya riƙe, domin filafilin goshin kaɗai yana iya riƙe jirgi a kwance bayan an saki babban. Juyawa da iska a baya ita ce wuri na biyu: a janyo sandar kwance da ke riƙe ƙasan babban filafili zuwa tsakiya kafin a juya, kowa ya sunkuyar da kai, a sake ta nan take a ɗaya gefen, allo kuma ya kasance rabi a ɗage don kada jirgi ya yi tuntuɓe a kansa.

Idan ya kife, kowa ya tsaya tare da jirgi, a ƙirga kawuna, a saki igiyoyi duka, mutum ɗaya ya zagaya ya kama allo da sauri kafin jigo ya nutse, domin idan jirgin ya juye gaba ɗaya mutum biyu da wuya su tayar da shi ba da taimakon jirgi mai inji ba. Abin shawagi a ƙolin jigo yana hana wannan, kuma ga mai fita da yara muna ganin wajibi ne. Day Sailer I yana tasowa cike da ruwa har kusan baki, sai da bokiti mai lita 10 da aka ɗaure da igiya, mutum ɗaya a ciki yana kwasa sauran na ruwa suna riƙe da gefe. A nan ne aikin soson da aka yi a gida ke nuna amfaninsa. Ya kamata a gwada kifewa da gangan sau ɗaya, a ruwa mai ɗumi kusa da gaɓa, da wani jirgi a tsaye. Dokar Amurka ta wajabta rigar ceto ga kowane mutum, kuma da yake jirgin ya haura ƙafa 16, sai an ƙara da abin shawagi da ake jefa wa wanda ya faɗa. A jiki ake sa rigar. A farkon bazara a jihohin arewa rana na iya yin zafi alhali ruwa bai wuce digiri 10 ba, kuma irin wannan sanyi na kashe hannu cikin mintuna.

Ba kowa wannan jirgi ya dace da shi ba. Dattijon da ba ya son tsalle daga gefe zuwa gefe, ko mai fita a buɗaɗɗen teku, ya nemi mai nauyi a ƙasa, irin Rhodes 19 mai gindin ƙarfe ko Herreshoff 12½ da aka zana tun 1914, sai dai su nauyi gare su, sun fi tsada, sun fi wuyar saukewa daga tirela. Mai iyali babba ya duba Flying Scot, mai ƙafa 19. Wanda ke Ingila zai fi samun Wayfarer cikin sauƙi. Rumfar Day Sailer ma kada a ɗauke ta ɗakin kwana. Wurin jaka ne da anka da abinci.

Bayan kowace fita a ruwan gishiri a wanke wayoyi, fuli da tirela da ruwan daɗi, a bar filafilai su bushe kafin a naɗe su, a ajiye su inda rana da ɓera ba sa kai wa. Idan lokacin sanyi ya zo a cire duk toshiya, a buɗe murafen dubawa, a ɗaga hancin tirela, a kwantar da jigo a kan jirgin ya zama ƙashin bayan tamfol yadda ruwa da ƙanƙara za su zame. Ruwan da ya kwanta a gidan allo ko tsakanin rufi biyu idan ya daskare yana kumbura ya tsaga faiba, kuma ta waɗannan tsagogin ne sabon soso zai fara jiƙa.